Ashirin Ɗin Me? Tarihin Mita da Ƙafa a Ƙarƙashin Teku

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce na raba wa ƴan ajina takardun jarrabawar lissafi. Tambaya ta uku a kan zurfin rijiya ce. Wani yaro mai kaifin basira ya bi hanyar lissafin daidai tun daga farko har ƙarshe, ya rubuta 20 a ƙasa, ya ja masa layi biyu. Na rage masa rabin maki. Da aka tashi sai ga shi a bakin teburina, idonsa ya cika da hawaye, ya ce, “Mushe, ai ashirin ce amsar.” Na ce da shi, “Ashirin ɗin me? Mita, ko santimita, ko awaki?” Washegari mahaifinsa ya tare ni a ƙofar makaranta. Bayan mun gaisa ya ce, “Malam, a kan harafi guda za ka karya wa yaro gwiwa?”

Na tuna masa abin da ya fi ni sani. A kasuwar Maraɗi in mai tumatir ta ce maka “ashirin”, dala ashirin take nufi, wato faran 100. In ka bi hanyar Ɗan Isa ka tsallaka Jibiya aka ce maka “ashirin”, naira ake nufi. Baƙon da bai tambaya ba shi ke asara. Ya yi dariya, muka rabu lafiya. Amma a kasuwa kuɗi kawai ake rasawa. Akwai sana'ar da wannan lamba ɗin, 20, in an rubuta ta ba a faɗi ko ta mece ce ba, takan ɗauke ran mutum cikin ƴan mintoci. Sana'ar ita ce nutso a teku da tukunyar iska a baya. Mu a Nijar ba mu da teku, amma tarihin wannan sana'a shi ne hujja mafi ƙarfi da na sani a kan rabin makin da na rage wa yaron nan, shi ya sa nake son in kawo wa ƴan uwana malamai da iyaye shi.

Daga jikin mutum zuwa ƙarfen Paris

Ko'ina a duniya awo daga jiki ya fara. Kakanninmu sun auna zane da kamu, sun auna tabarma da taƙi, har gobe masu haƙar rijiya na faɗin zurfi da gaba, wato tsawon hannuwa biyu in an buɗe su. Turawan Ingila ma haka suka yi: ƙafa, inci, yadi, da nasu gaban na matuƙan jirgin ruwa, wanda suka tsayar a ƙafa 6. Matsalar a fili take. Gaban dogon mutum ya fi na gajere, ƙafar wannan gari ta bambanta da ta wancan. Ƙafar sarkin Faransa ta kai kusan santimita 32 da rabi, ta Ingila kuwa 30 da rabi.

Juyin juya halin Faransa na 1789 ya zo da niyyar kawar da wannan ruɗani. A 1791 masanan ƙasar suka ba da shawarar a ciro awo daga jikin duniya kanta: a ɗauki nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa da tsakiyar duniya, a raba shi kashi miliyan goma, kashi ɗaya shi ne mita. Masana taurari biyu, Delambre da Méchain, suka shafe shekaru daga 1792 suna auna ƙasa tsakanin Dunkerque da Barcelona. Doka ta fito a 1795, aka ƙera sandar mita da farin ƙarfe mai daraja a 1799. Duk da haka talakawa ba su saki tsohon awonsu ba, sai da aka tilasta sabon daga ranar 1 ga Janairun 1840. Kyawun tsarin shi ne komai da goma yake tafiya, kuma tsawo da nauyi da ruwa a ɗaure suke da juna: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Wannan awo ne mulkin mallakar Faransa ya kawo makarantunmu.

Ingila ta bi tata hanya. A 1824 ta yi dokar da ta tsara awonta na daula, ta kai shi ƙasashen da ta mallaka. Amurka, da yake ta riga ta ɓalle, ta riƙe tsohon awon Ingila na kafin dokar, shi ya sa har yau galan iri biyu ne: na Ingila lita 4.5 da ɗoriya, na Amurka lita 3.8 ba kaɗan. Abin mamaki, Amurka na cikin ƙasashe 17 da suka sa hannu a yarjejeniyar mita a Paris ranar 20 ga Mayun 1875, kuma a 1959 ƙasashe masu magana da Ingilishi suka amince cewa ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce cif. Ke nan a kan takarda an daidaita. A bakin mutane da kayan aikinsu kuwa, awo biyu suka ci gaba da zama. Dokar da Amurka ta yi a 1975 don komawa ga mita ganin dama ta bari, ba ta tilasta wa kowa ba.

Abin da ruwa ke yi wa jiki

Kafin mu ga inda awon biyu suka yi karo, sai mun san abin da mai nutso yake aunawa. Iskar da ke kanmu tana danna mu da wani nauyi da ba ma ji saboda sabo. A awon mita ana kiran wannan matsi bar ɗaya, in an yi ƙididdigar kusa. A awon Amurka ana cewa laba 14.7 a kan kowane inci murabba'i, abin da suke taƙaitawa da psi. Duk mai babur ya taɓa ganin waɗannan sunaye biyu a jikin ma'aunin mai faci. Ruwa ya fi iska nauyi nesa ba kusa ba: duk mita 10 da mutum ya nutsa a teku, bar ɗaya ke ƙaruwa a kansa. A mita 10 matsin ya zama biyu, a mita 20 uku, a mita 30 huɗu. Mai ƙidaya da ƙafa sai ya riƙe 33, 66, 99.

Tun a 1662 Robert Boyle ya nuna cewa in matsi ya ninka, girman iska yakan koma rabi. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, wanda ya cika huhunsa daga tukunya a mita 10 ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ninki biyu ta yaga masa huhu. Daga nan dokar farko ta nutso ta samo asali: kada ka taɓa riƙe numfashi. Na biyu, mai numfashi a mita 30 yana cinye iskarsa ninki huɗu na yadda zai ci a tudu.

Akwai haɗari na uku, wanda aka daɗe ba a gane shi ba, kuma ba a teku aka fara ganinsa ba. A ƙarni na 19 injiniyoyi sun ƙirƙiro wasu manyan akwatuna da ake nutsarwa a gindin kogi, a cika su da matsattsiyar iska don ta kore ruwa, ma'aikata su shiga su haƙa harsashin gada. A aikin gadar St. Louis a kan kogin Mississippi da na gadar Brooklyn a New York, cikin shekarun 1870, ma'aikata sukan fito lafiya lau, bayan ɗan lokaci sai ciwon gaɓoɓi ya tanƙwara su, wasu su shanye, wasu su mutu. Babban injiniyan gadar Brooklyn, Washington Roebling, shi kansa ciwon ya kwantar da shi a 1872, sai matarsa Emily ce ta riƙa kai umarninsa wurin aiki har aka gama.

Wani masani Bafaranshe, Paul Bert, ya bayyana sirrin a 1878. Kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar da muke shaƙa azot ce, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira naitrojin. A ƙarƙashin matsi takan narke ta shiga jini da tsoka. In matsin ya sauka farat ɗaya sai ta fito da kumfa, kamar yadda lemun kwalba ke yi in an ɓalle murfi da gaggawa. Kumfan nan ne ke toshe jijiyoyi.

Sanin cuta daban, sanin yadda za a kauce mata daban. Rundunar ruwan Ingila ta ɗora aikin a kan John Scott Haldane, likitan numfashi ɗan Scotland. Shi da abokan aikinsa Boycott da Damant suka riƙa sa awaki a ɗakin matsi suna lura da su, sannan suka gwada da mutane. A 1906 Damant da wani abokinsa suka sauka ƙafa 210, kimanin mita 64, suka fito lafiya. A 1908 suka buga sakamakon: mai nutso ya taso zango zango, ya tsaya a wurare ƙayyadaddu na mintoci ƙayyadaddu, don azot ta fita ta numfashi a hankali. Wannan ne jadawalin nutso na farko, kuma da ƙafa aka rubuta shi, zangunan tsayawa ƙafa goma goma. Rundunar ruwan Amurka ta ɗauki hanyar ta yi nata jadawalin, shi ma da ƙafa.

Gida biyu daga uwa ɗaya

Har zuwa lokacin, mai nutso ma'aikaci ne sanye da ƙaton kwalkwalin tagulla da takalman dalma, ana hura masa iska ta tiyo daga jirgi. Mutanen sama ke riƙe da agogo da jadawali, su ke jawo shi. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, hafsan sojan ruwan Faransa Jacques-Yves Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka haɗa na'urar da ke ba mutum iska daga tukunyar da ya goya, daidai da matsin ruwan da yake ciki, duk lokacin da ya ja numfashi. Gagnan ya samo dabarar ne daga wata na'ura da ya yi wa motoci masu aiki da gas saboda ƙarancin fetur. Daga ranar igiya ta tsinke tsakanin mai nutso da jirgi. Ya sami ƴanci, amma lissafin ransa ya dawo kansa shi kaɗai.

An biya kuɗin koyo da tsada. Ranar 17 ga Satumban 1947, Maurice Fargues, ɗaya daga cikin mutanen Cousteau, ya sauka mita 120 kusa da Toulon da iska ta yau da kullum. An jawo shi babu rai. A irin wannan zurfi azot tana bugar da mutum kamar giya, har ya saki abin numfashinsa bai sani ba. Wannan maye yakan fara bayyana tun wajen mita 30, kuma ku riƙe shi a zuciya, don shi ne dalilin da ya sa ba a barin lissafi sai an shiga ruwa.

Bayan yaƙi na'urar ta shiga kasuwa, nutso ya zama wasan masu sha'awa, ya kuma rabu gida biyu. A Turai an kafa ƙungiyar masu nutso ta Birtaniya a 1953, sannan ƙungiyar duniya ta CMAS a Monaco a 1959 da Cousteau a shugabancinta. Faransawa da maƙwabtansu da mita da bar suke koyarwa. A Zurich, likita Albert Bühlmann ya yi jadawalinsa da mita, har ya sa lissafin masu nutso a tafkunan kan duwatsu, kuma a kan aikinsa ne yawancin ƙananan kwamfutocin da masu nutso ke ɗaurawa a hannu suka dogara. A Amurka kuma aka kafa NAUI a 1960 da PADI a 1966, su da ƙafa da psi da jadawalin sojan ruwansu. Ingila ta fara komawa ga mita daga 1965, masu nutsonta suka bi. Amurka ta tsaya inda take, tare da wuraren shaƙatawa da yawa na tsibiran Karibiyan da baƙinta suka fi zuwa. Yau Ba'amurke kan je Bahar Maliya a ba shi hayar ma'auni mai bar, Bajamushe kan je Florida a miƙa masa mai psi, a haɗa su a jirgi ɗaya a ce su zama abokan nutso.

Inda lambobi ke yaudara

A zurfi bambancin da sauƙin gani. Sabon mai nutso iyakarsa mita 18 ko ƙafa 60, mai ƙarin horo mita 30 ko ƙafa 100, iyakar ƴan sha'awa gaba ɗaya mita 40 ko ƙafa 130. Waɗannan tagwayen lambobi ba daidai suke cif ba, an ɗan datse su ne don su zauna a ka. Mita 18 ƙafa 59 ce, mita 40 ƙafa 131 ce. Har a jadawalin PADI na 1988 ana ganin sawun wannan: mai karanta na mita an ba shi minti 56 a mita 18, mai karanta na ƙafa an ba shi minti 55 a ƙafa 60. Wannan ɗan bambanci ba ya kisa. Abin da ke kisa shi ne jagora ya ce “za mu sauka talatin”, ɗaya ya ji ƙafa 30, wato mita 9, inda mutum zai iya daɗewa, alhali ana nufin mita 30, inda jadawalin ya ba da minti 20 kacal.

A tukunya kuwa, tunanin ne ma ya bambanta. Bature yana kiran tukunya da girman cikinta: lita 12, an cika ta bar 200. Ɗan ajin CM2 zai iya lissafin: 12 sau 200, lita 2,400 na iska. In mutum yana shaƙar lita 20 a minti a tudu, a mita 30 zai sha 80. A ware bar 50 na ajiya, saura lita 1,800, a raba da 80, minti 22 da rabi. Ba'amurke kuma yana kiran tukunya da yawan iskar da take ɗauka in ta cika. Wadda aka fi sani ana ce mata “tamanin”, wato ƙafa 80 na murabba'in sukari a psi 3,000, kodayake ainihin abin da take ɗauka 77 ne da ɗoriya, cikinta kuma lita 11 ne. Ga tukwane biyu masu kusan girma ɗaya, ɗaya sunanta 12, ɗaya 80.

Sai ajiyar fita. Makarantun mita suna cewa ka fito da bar 50 a tukunya. Makarantun ƙafa suna cewa psi 500. Kunne yana jin hamsin da ɗari biyar kamar abu ɗaya ne aka ƙara wa sifili. Amma bar 50 psi 725 ne, psi 500 kuwa bai kai bar 35 ba. A tukunyar lita 11, ɗaya ya ajiye lita 550, ɗaya 380. In iskar abokinka ta ƙare kuka koma shan tukunya ɗaya ku biyu, cikin firgici, wannan ratar ce za ta yanke hukunci. Kuma a ƙarƙashin ruwa babu magana sai alamar hannu. A wurare da yawa dunƙulen hannu na nufin bar 50, masu psi kuma da yatsu suke ƙirga dubbai da ɗaruruwa. Yatsu biyu daga bakin wanda ba ku daidaita da shi ba, ba ka san ko me suke faɗi ba.

Yanzu mu dawo ga ashirin ɗinmu. Masu nutso mai zurfi sukan ɗauki ƙarin tukwane na iskar da aka ƙara wa oksijin, don ta taimaka wajen fitar da azot a zangunan tasowa. Oksijin rai ce, amma in matsinta ya wuce kima takan jefa mutum cikin farfaɗiya nan take, farfaɗiya a ruwa kuwa nutsewa ce. Iyakar da aka yarda da ita a zangon tsayawa bar 1.6 ce. Saboda haka zallar oksijin ba a shaƙarta ƙasa da mita 6, wato ƙafa 20. Iskar da rabinta oksijin ce kuma ana fara shanta a mita 21, wato ƙafa 70. Al'ada ita ce a rubuta iyakar zurfin da manyan lambobi a jikin tukunya. Mai ƙafa zai rubuta 20 a kan zallar oksijin. Mai mita ya saba ganin 21 a kan rabi da rabi. In ya ɗauki tukunyar mai 20 ya ɗauka mita ce ya kai bakinsa a mita 20, oksijin mai matsin bar 3 ya shaƙa, kusan ninki biyu na iyaka. Lissafin wanda ya rubuta daidai ne, karatun wanda ya karanta daidai ne. Harafi ɗaya ne babu.

Har ƙarfen kansa ya gaji rigimar. Kan famfon da ake murɗawa a wuyan tukunya yana da haƙora iri biyu da suka yaɗu: na milimita 25 da na kashi uku cikin huɗu na inci. Sun yi kusa da juna har na milimitan yakan shiga wuyan na incin, a ga kamar ya zauna. Sai an zo cikawa, matsi ya hau, ya fizge ya fita kamar harsashi. An rasa rayuka ta wannan hanya a wuraren cika tukwane, mutanen ko ruwa ba su taɓa ba.

Ɗabi'un da aka saya da rayuka

Masu nutso ba su jira ranar da duniya za ta koma awo ɗaya ba. Abin da suka yi shi ne gina ɗabi'u, kuma kusan kowace ɗabi'a akwai gawa a bayanta. Ba a nutso mutum ɗaya. Kafin a shiga ruwa abokai biyu sukan duba kayan juna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kalli ma'aunin ɗan uwansa ya ga ko bar ne ko psi, ya ga ko kwamfutarsa a mita take ko a ƙafa. Sukan faɗi zurfi da lokaci da matsin juyawa da baki, lamba da sunan awonta, su maimaita wa juna, su gwada alamun hannu a kan jirgi. Wanda zai sha iska mai ƙarin oksijin shi da kansa yake auna ta, ya rubuta, ya sa hannu. Masu shiga kogunan duwatsu da ke cike da ruwa suna da dokar kashi uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ɗan uwa. Sheck Exley, wanda malamin lissafi ne a Florida, ya yaɗa ta bayan ya bi diddigin yadda mutane suka mutu a kogunan. Ku lura, wannan doka ba ruwanta da bar ko psi. Kashi ɗaya cikin uku ɗaya ne a kowane awo.

Tarihin ya kuma koya musu kada su bauta wa lamba don ta yi daɗin faɗi. A shekarun 1950 sojan ruwan Amurka ya tsayar da saurin tasowa a ƙafa 60 a minti. Sulhu ne aka yi tsakanin masu tukunya da ke son 100 da masu kwalkwali da suka saba da 25, ga shi kuma ƙafa ɗaya a daƙiƙa tana da sauƙin riƙewa. Duniya ta bi wannan lamba shekaru da dama. A 1993 rundunar ta rage ta zuwa ƙafa 30, wato mita 9, kusa da mita 10 ɗin Bühlmann. Aka kuma ƙara tsayawar kariya ta minti 3 a mita 5, ko ƙafa 15, kafin a fito. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada a ɗauka cewa ƙananan ma'aikata ne kaɗai ke faɗawa wannan rami. Ranar 23 ga Yulin 1983 wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya ƙare da mai a sararin sama. Ƙasar tana cikin sauya awo, jirgin sabo ne mai lissafi da kilo, aka yi masa lissafin man da laba. Ana buƙatar kilo 22,300, aka tashi da laba 22,300, ƙasa da rabi. Allah ya sa matuƙin ya iya sarrafa jirgi marar inji, ya sauke shi a wani tsohon filin soja a Gimli ba a rasa rai ba. A watan Satumban 1999 kuma hukumar NASA ta rasa kumbon da ta aika duniyar Mars, domin wani ɓangare na injiniyoyin ya ba da lambobi da awon laba, ɗayan ya karɓe su a matsayin awon mita. Duk masu digiri ne, duk sun iya lissafi.

Abin da ya rage mana

In aka tambaye ni wanne awo ya fi, zan ce mita, kuma ba don da ita aka koyar da ni ba. Wanda azot ta fara juya wa kai zai fi iya raba 30 da 10 a kan raba 99 da 33. Amma dubban Amurkawa suna nutso da ƙafa da psi shekara da shekaru suna komawa gida lafiya. Haɗarin yana zaune ne a wurin da awo biyu suka haɗu, kowa yana zaton ɗan uwansa da irin nasa yake magana.

Mu kuwa a irin wannan mahaɗa muke zaune. Makarantarmu da mita take koyarwa, kasuwarmu da tiya take awo, kayan da ke shigo mana daga kudu da inci da ƙafa da galan ake kiran da yawansu. Kafinta na sayen katako da inci ya yanka shi da santimita. Mai faci yana hura taya da ma'auni mai layi biyu na lambobi. Uwa takan karɓo maganin ruwa na jariri an rubuta mililita, ta zo gida ta ɗauki cokali, alhali cokulan gidan ba girmansu ɗaya ba. Yaran da ke gabanmu yau su ne gobe za su riƙe allura a asibiti, su haɗa maganin feshi a gona, su auna siminti da rodi.

Don haka ina roƙon ƴan uwana malamai abu uku. Kada mu karɓi lamba tsirara, ko a allo ko a baki, ko da amsar ta yi daidai. Mu riƙa sa yara su kimanta kafin su lissafa, domin wanda ya san tsawon mita a jikinsa zai yi turus in lissafi ya ba shi rijiya mai santimita 20. Mu kuma saba musu da duba aikin juna biyu biyu, ba tare da mai dubawa ya yi girman kai ko wanda aka duba ya ji kunya ba. Iyaye kuma, in yaro ya tambaye ku “na me?”, kada ku ɗauke shi rashin kunya. In likita ko mai sayar da magani ya faɗi lamba, ku ma ku tambaya, ku maimaita masa abin da kuka ji. Matambayi ba ya ɓata.

Yaron nan har yanzu yana ajina. A makon jiya na rubuta a allo cewa nisan Maraɗi da Damagaram ya haura 200, na juya zan ci gaba. Sai na ji an ɗaga murya daga layi na biyu: “Mushe, ɗari biyun me?” Na koma na ƙara masa kilomita. Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya tsare mana su a tudu da ruwa.